Ƙawata 'Yar Girka Da Tuddan Durɓi Ta Kusheyi

 

Cikin saƙonnin da ake aiko min akwai wata tambaya da take ta maimaituwa, har na ga ya kamata yau in ajiye zancen soyayya gefe guda mu taɓa ta. Tambayar ita ce: "Anti, shin ya dace budurwa ta ƙulla ƙawance a intanet da wadda ba ta taɓa gani ba, ba ƙasarsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, watakila ma ba addininsu ɗaya ba?" Wata ta ce mahaifiyarta ta ƙwace mata waya a kan haka, wata kuma ta ce ita tana da ƙawaye a ƙasashe bakwai amma ba ta san sunan maƙwabciyarsu ba. To ni dai ba malama ba ce, fatawa sai malamai. Abin da nake da shi labari ne, kuma shi zan ba ku, in ya so kowa ta auna da hankalinta.

Ina da wata ƙawa a ƙasar Girka, can cikin Turai. Ba zan ambaci sunanta ba don ban nemi izininta ba. A 2021 muka haɗu a Facebook, sanadin wani ɗan gajeren labari da na fassara zuwa Turanci na saka, ta karanta ta aiko min da tambaya a kan lalle, wai me ya sa amarya take kuka ranar da aka sa ta a lalle alhali tana son mijin. Na yi dariya na ba ta amsa da Turancina na sakandare, ita ma da nata Turancin mai ɗingishi, don ba harshen uwarta ba ne. Tun daga nan sai gaisuwa ta koma hira, hira ta koma shaƙuwa. Sa'ata ce, tana taya mahaifiyarta sayar da zuma da man zaitun ga baƙi masu yawon buɗe ido.

Ranar da na fara faɗa a gida kuwa an sha dariya. Muna zaune tsakar gida bayan sallar isha'i, na ce wa kakata, "Hajiya, na yi ƙawa 'yar Girka." Tsohuwa ta saki carbi ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzubillahi! Mi kika ce? Ke kishiya, bori kika shiga? Wa ya kai ki wurin girka?" Sai da Yayana ya tsagaita da dariya ya yi mata bayani cewa Girka sunan ƙasa ne, ba girkar 'yan bori ba, ba kuma girkin tuwo ba. Ta taɓe baki ta ce, "To Allah Shi kyauta, amma dai duk ƙawar da ba a san gidansu ba, ba ƙawa ba ce." Innata ita ma ta kafa sharaɗi, cewa duk abin da muka tattauna sai ta sani. Na ce na amince. Ba a yi wata biyu ba sai ga Inna da mahaifiyar yarinyar suna ɗaga wa juna hannu ta bidiyo, ba mai jin yaren wata, amma kowa tana murmushi.

Wata safiya ta aiko min da bidiyo ta ce, "Zo ki ga abin da ke bayan garinmu." Ke dai bari, 'yar uwa! Wani makeken fili na gani an sassaƙa shi a jikin tsauni, siffarsa kamar an raba ƙwarya biyu an ajiye rabi. Kujerun dutse ne jere bisa jere, suna hawa sama kamar matakala, a can ƙasa kuma da wani da'irar fili a share. Ba rufi, ba ƙofa, ba kowa a ciki sai iska da kukan tsuntsaye. Ta hau har jeren ƙarshe tana haki, ta juyo da wayar na hango itatuwa kore shar har iyakar ganina. Ta ce wannan shi ne tsohon gidan wasan kwaikwayo na Efidauros.

Ta ba ni tarihinsa dalla-dalla. An gina shi a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato yau sama da shekara 2,300 ke nan. Da farko jeri 34 ne, daga baya aka ƙara 21 suka zama 55, yana ɗaukar mutum wajen 14,000. Da zamani ya juya aka daina amfani da shi, sai ƙasa ta rufe shi, itatuwa suka tsiro a kai, ya yi ɗaruruwan shekaru a binne. Wannan binnewar ce ma ta kare shi daga masu kwasar duwatsu su yi gini. A 1881 masu binciken kayan tarihi na ƙasarsu suka fara tono shi, daga 1955 kuma aka mayar da shi wurin bikin wasanni duk shekara a lokacin zafinsu, sannan a 1988 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

Abin da ya ƙara min ƙaunar yarinyar nan shi ne ba ta da ƙarin gishiri. An san wurin da ɗaukar sauti, har masu yi wa baƙi jagora sukan ce in ka yar da kwabo a tsakiyar filin, ko ka yi raɗa, na can ƙololuwa zai ji. Na tambaye ta ko gaskiya ne, sai ta ce, "Rabi da rabi." Ta ce a 2017 wasu masana daga wata jami'a a ƙasar Holan sun zo da na'urori sun gwada, suka gano cewa raɗa ba ta kaiwa can sama yadda za a fahimta, amma in mutum ya ɗaga murya sosai to har na jeren ƙarshe zai ji shi ba tare da lasifika ba. Na ce a raina, wadda ba ta yi min ƙarya don ta ƙawata garinsu ba, da wuya ta yi min ƙarya a kan wani abu.

Wani abin mamaki kuma, gidan wasan nan a harabar wurin neman magani aka gina shi. A zamanin jahiliyyarsu suna da wani abin bauta da suke danganta waraka da shi, marasa lafiya sukan zo daga nesa su kwana a wurin, kuma kallon wasa da sauraron kiɗa suna cikin abin da ake ganin yana taimaka wa majinyaci. Da ta faɗa min sunan gidan wasa da harshensu sai na ji kamar na san kalmar. Ashe kalmar nan tiyata da muke faɗi a asibiti, asalinta tasu ce, ma'anarta wurin kallo. Ta bi ta bakin Turawan Ingila ta iso mana, mu kuma muka bar ta a ɗakin da likita ke fiɗa. Na ce mata, "Kin gani ko? Kalmarku ta riga ki zuwa Mashi."

Ta kuma ba ni labarin wani wasa nasu mai suna Antigoni, wanda wani mai hikima Sofokilis ya rubuta a birnin Atens tun kafin a gina wannan gidan wasa. Labarin wata budurwa ce da sarki ya hana a binne gawar ɗan uwanta, ita kuwa ta ce sai ta yi masa sutura ko za a kashe ta. Ku ji fa, sarkin kawunta ne, saurayin da za ta aura kuma ɗan sarkin ne. Ƙarshe ta rasa ranta, saurayin ya bi ta, sarki ya zauna da cizon yatsa. Na ce wallahi wannan ko a kasuwar littattafai ta Kano aka kai shi sai an yi rububi. Amma ta ce a wancan zamani mace ba ta hawa dandamali. Maza ne kaɗai ke wasa, namiji ne zai rufe fuskarsa da fuskar da aka ƙera, ya sa kayan mata ya fito a budurwar.

Daga nan sai ta jefo min tambaya: "To ku ina naku? A ina kakanninki suke kallon wasa?" Na ce ta ba ni kwana biyu, akwai wadda ta fi ni sani. Na sayi goro na ɗari biyu na nufi ɗakin Hajiya, na zauna bakin gadonta na ce, "Hajiya, ƙawata tana tambaya, wai ina gidan wasanku na da?" Ta karɓi goro ta ɓare, ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Gidan wasa? Ke kishiya, mu da muke da dandali mi za mu yi da gida?"

Ai kuwa kamar na ɓalle bakin rijiya. Ta ce a zamaninsu da an ci tuwon dare, farin wata ya fito, sai ka ji kalangu ya tashi a dandali, 'yan mata su fito a yi gaɗa, samari na gefe, tsofaffi na daga nesa suna sa ido. In kaka ta yi an kawar da amfanin gona sai a yi kalankuwa. Samari su naɗa sarkinsu da galadimansa da alƙali da dogarai, a yi rawani da tsumma, a kafa fada a zauna shari'a. A kawo wani a ce ya yi rowa, a kawo wata a ce ta yi wa saurayi yanga, alƙalin wasa ya yanke tara ta goro, gari ya ɗauka da shewa. Ta ce, "Wasa ne, amma wanda duk aka kwaikwaya ya san da shi ake. Akwai mai unguwar da ya daina zagin mutane saboda wani yaro ya kwaikwayi maganarsa a gaban jama'a." Tana ba ni labari tana kwaikwayon tafiyar alƙalin da muryarsa, tsohuwar da kullum take kukan ciwon gwiwa, sai ga ta tsaye tana taƙama.

Ta gangaro kan tashe, wanda mu ma mun tarar da ragowarsa. In azumi ya kai goma yara su fara zagaya gidaje da dare. Ta tuna min da wasan Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya za ta sa babbar riga da hula ta zama maigida, ɗaya ta zama amarya, sauran suna waƙa ana nuna yadda zaman aure yake. Ni kuma na tuno da wasan gauta da malamin Hausa ya koya mana a sakandare, wanda matan gidan sarauta suke yi a manyan fadoji irin na Kano. Mata ne za su yi shigar sarki da hakimai da fadawa, su kwaikwayi halin kowa, mai kirki da mai mugunta, ta haka abin da ake jin nauyin faɗa wa sarki sai ya isa kunnensa cikin raha.

Da na kwashe duk wannan na aika wa ƙawata, sai ta kira ni tana ta ihu don murna. Ta ce, "Tsaya, tsaya! Mu maza ne ke fitowa a mata, ku kuma mata ne ke fitowa a maza, har su kwaikwayi sarki?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce ita duk abin da take gani a talabijin game da matan ƙasarmu bai wuce yunwa da gudun hijira ba, ba ta taɓa zaton muna da irin wannan ba. Ta roƙi in ɗauko mata hoton dandalin.

To a nan ne jikina ya yi sanyi. Na je inda Hajiya ta kwatanta min, na tarar an yanka wurin an yi shaguna, gefe guda mai cajin waya ne, gefe guda mai sayar da fetur a kwalba. Babu dutse ɗaya da zai nuna an taɓa yin wasa a nan. Na tsaya ina tunani, su nasu da dutse suka gina, ko da suka manta da shi ƙasa ta ajiye musu, jikokin jikoki suka zo suka tono. Mu namu da murya da tafi da farin wata aka gina shi. In ya rushe ba ya barin kango, ba abin da wani zai zo ya tono bayan shekara dubu. Kangon namu yana nan zaune a ɗakunan tsofaffi yana cin goro, kuma ranar da aka ɗauki tsohuwa aka kai makwanci, to an binne dandali guda da 'yan kallonsa. Dalilan mutuwar dandali suna da yawa, akwai talabijin da finafinai, akwai tsoron fitar dare saboda rashin tsaro, akwai gyaran da malamai suka yi a kan cakuɗar maza da mata, ga kuma ita kanta wayar da ke hannunmu. Ba ina cewa a koma rawar dare ba ne. Ina cewa ne abin da aka daina yi, bai kamata a daina saninsa ba.

Yayana da ya ga na damu sai ya ce, "In tudu take son gani, ai mu ma muna da shi a nan kusa." Ranar wata Asabar ya ɗauke ni muka nufi ƙasar Mani, maƙwabtanmu, zuwa Durɓi ta Kusheyi. Wurin yana gabas da birnin Katsina da kimanin kilomita 32. Tuddan ƙasa ne manya-manya a tsakanin gonaki, ga kukoki tsofaffi suna tsaye kamar masu gadi. Wanda bai sani ba zai wuce abinsa yana zaton jigawa ce kawai. Amma kaburbura ne na manyan mutanen da suka mulki wannan ƙasa tun kafin sarautar Katsina ta kafu yadda muka san ta, waɗanda ake kira Durɓawa.

A 1907 wani Bature mai suna Palmer ya fara haƙa wurin, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 kuma wasu masana daga Jamus tare da ma'aikatan kayan tarihi na Nijeriya suka haƙa tuddai uku. Kun san abin da aka samu? 'Yan kunne na zinare, awarwaro na hauren giwa, duwatsun ado, wuri, da tasoshin tagulla waɗanda bincike ya nuna daga ƙasashen Gabas ta Tsakiya aka kawo su. An kai kayan birnin Mayins na Jamus aka gyara su, aka baje kolinsu a 2011, daga baya aka dawo da su Nijeriya. Masana sun ce kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 ne zuwa na 16. Ku duba fa, 'yan uwa. Shekara ɗari shida ko bakwai da suka wuce, ba mota, ba jirgi, ba waya, amma kwanon da aka ƙera a can wata uwa duniya ya ratso Sahara a bayan raƙumi ya iso nan bakin ƙofarmu. Ashe hulɗa da na nesa ba mu muka fara ta ba, gado muka yi.

Na ɗauki bidiyon tuddan na aika mata, na haɗa da hoton rijiyar Kusugu ta Daura da labarin Bayajida da Daurama da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ta rubuto cewa ita ma tana da nata ciwon. Ta ce baƙi suna zuwa garinsu motoci-motoci, su ɗauki hoton duwatsu su tafi, ba mai tambayar yadda masu rai suke. Tun da tattalin arzikin ƙasarsu ya karye a 2010 samari da 'yan mata da yawa suka watse zuwa Jamus da Ingila neman aiki, har da yayanta, in sanyi ya shigo garin sai tsofaffi. Ta ce, "Mu muna da duwatsu mutane suna tafiya, ku kuna da mutane labarin yana tafiya." Daga ranar ita ma ta fara zama da kakarta tana naɗar waƙoƙin da suke yi lokacin tsinkar zaitun.

Amma fa kada wata ta karanta wannan ta ce Anti ta buɗe ƙofa, kowa ya shigo. A can Durɓi wani dattijo ya ba mu labarin da duk Bakatsine ya sani, na Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, da baƙonsa Korau wanda ya zo daga 'Yandoto. Ana cewa Sanau gwanin kokawa ne, ba a taɓa kai shi ƙasa ba saboda wani asiri da yake ɗaurawa a jikinsa. Ba a ci galabarsa ba sai da matarsa ta cikin ɗaki ta fitar da sirrin, aka raba shi da asirin, ranar kokawa aka kayar da shi, mulki ya bar gidansu. Ko yaya gaskiyar labarin take, darasin a fili yake. Baƙo ba ya sanin inda lagon gida yake sai na ciki ya nuna masa.

Na san wata yarinya, ba a garinmu take ba, 'yar aji biyar a sakandare, natsattsiya. Ta yi ƙawa a waya wadda ta ce ita Balarabiya ce mazauniyar Dubai, kullum yabo, kullum "kin fi kowa kyau", har da alƙawarin za ta samo mata aiki da kujerar Umara. Sannu a hankali ta ce ta turo hoto ba mayafi, ai mu duka mata ne. Daga nan ta ce wanda ya fi wannan. Ranar da yarinya ta ce ta gaji, sai murya ta canza, ashe ƙato ne, kuma ba a Dubai yake ba. Ya ce ko ta turo kuɗi ko ya watsa hotunan. Yarinyar nan ta rame ta lalace, ta sayar da 'yan kunnenta, ta kasa cin jarrabawa, sai da yayarta ta ritsa ta tana kuka a banɗaki sannan magana ta fito, manya suka shiga ciki. Da tun ranar farko ta nuna wa mahaifiyarta, da duk haka ba ta faru ba. In ke ma kina cikin irin wannan hali yanzu, don Allah kada ki biya ko sisi, kada ki goge saƙonnin, ki faɗa wa babba yau ɗin nan. Faɗan uwa na kwana ɗaya ne, mai barazana kuwa ba ya ƙoshi.

To ga ma'aunin da nake auna ƙawar waya da shi. Ki duba abin da take tambayarki. Tawa ƙawar shekarun nan duka ba ta taɓa neman kuɗi ba, ba ta taɓa neman hoton da ba zan iya nuna wa Baba ba, ba ta taɓa cewa in ɓoye wa Inna wani abu ba. Tambayoyinta su ne yaya ake dama fura, me kakarki ta ce, me ya sa kuke durƙusawa in za ku gaida manya. Duk tambayar da ta yi min sai ta tura ni cikin gida, wurin Hajiya ko wurin Inna ko wurin Yaya. Ta ƙarya kuwa kullum waje take janki, ta raina miki garinku, ta ce kin fi ƙarfin gidanku, ta ce wannan sirrinmu ne mu biyu. Tarihin gida da al'adun gida abin shimfiɗa wa baƙo ne, kamar tabarma da ruwan sha. Sirrin gida da mutuncin jikinki kuwa na ƙuryar ɗaki ne, ko ƙawar da kuka tashi tare ba komai take gani ba, balle wadda ba ki taɓa jin ɗumin hannunta ba.

Maganar addini kuma, ita Kirista ce, ni Musulma, kowa ta san matsayin 'yar uwarta tun farko. In lokacin salla ya yi nakan ce mata zan tashi, takan ce in yi mata addu'a. Da azuminmu ya zo ta yi ta tambaya yadda muke wuni ba ruwa, ni ma ta ba ni labarin nasu azumin na makonni kafin bikin Ista, inda masu kiyayewa suke barin nama da madara da ƙwai. Ban taɓa jin imanina ya ragu don na amsa tambayoyinta ba. Hasali ma sau da yawa sai na koma wurin malamarmu ta Islamiyya na ƙaro sani don in ba ta amsa daidai. Wadda ta san abin da take kai, ba ta tsoron tambaya.

Saboda haka ƙannena, ga aikin gida na ba ku, kuma ba na makaranta ba ne. Wayar nan da kuke ƙarar da data a kanta wajen kallon kwalliyar wasu, tana da wurin naɗar murya. Ki sayi goro ko alewa, ki je ɗakin kakarki ko wata tsohuwa a unguwarku, ki gaishe ta da ladabi ki ce ta ba ki labarin dandalinsu. Ki tambaye ta wasannin da suka yi, da waƙoƙin daɓe da na niƙa, da yadda aka yi bikinta, da sunayen unguwannin da suka ɓace. Ki nemi izininta ki naɗa, ki rubuta sunanta da garinsu da ranar da kuka yi hirar a littafi, ki adana. In an yi hutu ki roƙi yayanki ko babanki ya kai ki Kusugu, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ko Durɓi ta Kusheyi. Ranar da wata daga nesa ta ce miki "ku ina naku?", sai ki buɗe faifai ki zuba mata, don zumunci ba ya daɗi in hannu ɗaya ne kullum yake miƙawa.

Allah Ya haɗa mu da ƙawaye na gari, na kusa da na nesa, Ya tsare mana mutuncinmu, Ya raba mu da sharrin mai fuska biyu. Allah Ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Ya jiƙansu da rahama, amin summa amin. Ina jiran saƙonninku, musamman na waɗanda suka yi aikin gidan nan, ku faɗa min abin da kakanninku suka ce.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, daga Mashi.